Mutum Miliyan Biyu, Baki Arba'in da Takwas

Sulobeniya ƙasa ce a tsakiyar Turai, a matse tsakanin Italiya da Ostiriya da Hangari da Kuroshiya. Faɗinta murabba'in kilomita 20,273, wato kusan kai ɗaya da jihar Kano, jama'arta kuwa miliyan 2 da 'yan kai. Ba ta da man fetur na a zo a gani, bakin tekunta kuma bai cika kilomita 50 ba. Abin da Allah ya hore mata, in aka cire itatuwa, shi ne karin harshe. Masana sun ƙirga sun samu daga 40 da wani abu zuwa 50, gwargwadon wanda ya yi ƙirgar da kuma ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Adadin da aka fi ambata shi ne 48. In aka raba da yawan jama'a, kusan kowane mutum dubu 44 suna da karinsu na kansu, ba haya ba, ba jingina ba. A dangin harsunan da ake kira Silabik, inda Rashanci da Folanci da Sabiyanci suke, Sulobeniyanci ake yi wa shaidar ya fi kowa rarrabuwa, alhali yana cikin 'yan autan gidan wajen yawan masu magana.

Bahaushe ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sulobeniyawa ma suna da tasu: vsaka vas ima svoj glas, kowane ƙauye da muryarsa. Sai dai a wurinsu maganar ta fi kama da rahoton ƙidaya.

Wanda bai sani ba zai ɗauka sakaci ne ya jawo haka. Alhali aiki ne da aka shafe shekara fiye da 1,000 ana yi ba hutun ƙarshen mako, kuma yana da sharuɗɗa waɗanda duk ƙasar da ke sha'awar irin wannan arziki dole ta cika su.

Sharaɗi na farko: a sami dutse

Kakannin Sulobeniyawa sun iso gabashin duwatsun Alps a ƙarni na 6. Masana tarihin harshe sun ce ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba: wasu sun gangaro daga arewa, wasu sun biyo koguna daga kudu maso gabas. Ke nan tun ranar da aka sauke kaya baki bai zo ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a sami wurin da za a adana saɓanin don kada ya lalace.

Wuri ya samu. Arewacin ƙasar da yammacinta duwatsu ne, babbansu Triglav mai tsayin mita 2,864. Tsakanin dutse da dutse akwai kwari, a kowane kwari akwai ƙauyuka, da hunturu kuma ƙanƙara ta toshe hanya. Fiye da rabin ƙasar kurmi ne har gobe. Inda aka rasa dutse aka rasa kurmi, kamar kudancin Lubliyana, babban birnin ƙasar, sai aka samu fadama mai taɓo ta cike gurbin.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Harshe ko'ina canzawa yake yi, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa canjin kan bi fatake da amare ya bazu. A ƙasar duwatsu kuwa, in mutanen wani kwari suka daina furta wani wasali, labarin kan daɗe kafin ya haura dutse, in ya isa kuma ya tarar mutanen can sun riga sun daina furta wani daban. Coci ma ta ba da gudummawarta. Mutum a cocin gundumarsa ake yi masa baftisma, a nan zai ga yarinya, a nan za a ɗaura aure, a bayanta za a binne shi. Shi ya sa iyakokin kare-karen harshe da dama suke bin tsofaffin iyakokin coci-coci da na gandayen masu sarauta sau da ƙafa.

Sharaɗi na biyu: maƙwabta, kowa da yarensa

Ƙasar ta faɗo daidai mararrabar manyan dangogin harsuna huɗu: Jamusanci a arewa, Italiyanci da Furlanci a yamma, Hangariyanci a gabas, sai 'yan uwa Kuroshiyawa a kudu. Kowane yanki ya ari kalmomi daga maƙwabcin da ya fi kusa da katangarsa, kuma har yau ba a ji wanda ya mayar ba. Sukundireba a littafi sunanta izvijač, a garejin bakanike kuwa šraufenciger, daga Jamusanci. Lokaci a littafi čas, a titi cajt. Kwalba a aji steklenica, a kanti flaša.

Masara da dankalin Turawa sun iso daga Amurka bayan an gama rabon kwaruruka, don haka kowane yanki shi ya raɗa wa baƙin suna da kansa. Masara a hukumance koruza ce. A wasu wurare turščica, wato ta Turkawa, a yamma sirk, a ƙarshen gabas kukorca, a yankin Bela Krajina debelača. Dankali krompir ne a kan takarda, amma a garin Bovec čompe, a yankin Koroška repica. An bincika, tsiron ɗaya ne.

Sharaɗi na uku: iyayen gida da yawa

Kafin 1918 ba a taɓa tara masu wannan harshe a ƙarƙashin ofis ɗaya ba. Yawancinsu suna hannun gidan sarautar Habsburg, amma a larduna daban-daban: Kranjska, Štajerska, Koroška da Goriška, kowane da babban birninsa. Biyu daga cikin biranen nan, Graz da Klagenfurt, yau suna Ostiriya, ɗaya kuma, Gorizia, yana Italiya. Gefen yamma ya zauna hannun Jamhuriyar Benis har 1797. A 973 aka ba limaman Freising na ƙasar Jamus yankin Škofja Loka, su kuma suka kawo manoma Jamusawa suka zuba a ciki. A ƙarni na 16, masu gudun hare-haren Daular Usmaniyya suka kwararo daga kudu suka zauna a Bela Krajina da nasu bakin.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan tsari shi ne Prekmurje, hayin kogin Mura. Ya shafe ƙarnoni a ƙarƙashin sarautar Hangari, sai a 1919 aka haɗe shi da sauran 'yan uwa. A tsawon zaman nan mutanensa ba su tsaya jiran kowa ba, suka yi wa karinsu rubutu. Littafinsu na farko ya fito a 1715 daga hannun Franc Temlin, a 1771 kuma Števan Küzmič ya fassara Sabon Alkawari. Da aka zo haɗewa, kowane ɓangare ya zo da littattafansa a hammata.

Akwai kuma Kočevje, inda Jamusawa suka zauna tun ƙarni na 14 har aka kwashe su a hunturun 1941 zuwa 1942. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane daga ko'ina suka cike wurin, kowa da irin maganar da ya zo da ita. Masu zana taswira sun duba, sun sake dubawa, suka rubuta cewa maganar yankin gauraye ce, suka wuce.

Yadda ake gane su

An kasa kare-karen nan rukuni bakwai: na Gorenjska, na Dolenjska, na Štajerska, na Koroška, na Primorska, na Panoniya, da na Rovte, wato na mutanen da suka sare kurmi suka zauna. Baƙo ba ya bukatar haddace su. Kunne kawai zai kasa.

In ya ji kalma ta fito ba wasali, yana Gorenjska ko kusa da ita. Sauran 'yan ƙasa suna tsokanar mutanen Gorenjska da maƙo. Kimiyya ba ta tabbatar da zargin ba, abin da ta tabbatar shi ne suna tsimin wasula. Kalmar bila, wadda ke nufin ta kasance, a bakinsu ta koma bla. Mati, uwa, ta koma mat. Prijatelj, aboki, ya tsuke ya zama prjatu. Daga nan wasunsu sukan mai da l ta zama w, sai bla ta koma bwa, šla, ta tafi, ta koma šwa. Masana sun yi wa wannan ɗabi'a suna švapanje, don ta sami gurbi a jarrabawa.

In ya ji ana cewa kva a maimakon kaj, wato me, to yana Lubliyana. Saboda wannan kva ɗin, da kuma fadamar da ke bayan gari, ake kiran mutanen birnin žabarji, mutanen kwaɗi. Birnin dai ya zaɓi dodo mai fukafukai a matsayin tambarinsa, ya kafa gumakansa huɗu a kan gada, amma sunan kwaɗin bai goge ba.

In kowace jumla da čuj take farawa, wato saurara, kuma ana nuna abu da toti, wannan, to ya iso Maribor, birni na biyu. Mutumin Maribor kan ce čuj ko da ana saurarensa tun ɗazu. In g ta koma can maƙogwaro kamar gaini na Larabci, yana yamma, wajen Primorska. In kuwa ya ji ana tsuke leɓe ana fitar da ü da ö, kuma ɗan Lubliyanan da ya rako shi ya fara murmushi yana gyaɗa kai ba tare da ya ce uffan ba, to sun haye kogin Mura.

Akwai batun karin sauti, wanda Bahaushe ba baƙonsa ba ne. A Gorenjska da Dolenjska da sassan Koroška murya kan hau ko ta sauka a kan gaɓa, ma'ana ta bi ta. A Štajerska da Panoniya an daina wannan tuni. Da aka zo tsara daidaitaccen harshe sai aka halatta duka biyun: mai karin sauti ya yi daidai, marar shi ma ya yi daidai. A rubutu kuwa ba a nuna ko ɗaya, don kada a ɓata wa wani.

Sai musanna, wanda duk wanda ya zauna gaban malamin nahawun Larabci ya sani. Sulobeniyanci na cikin 'yan tsirarun harsunan Turai da suka riƙe shi. Littafi ɗaya ena knjiga, biyu dve knjigi, uku tri knjige, biyar pet knjig. Mu biyu midva ne, in mata ne midve, daga uku zuwa sama kuma mi. Amfanin wannan a zaman iyali a bayyane yake. Magidancin da ya ce jiya shi da abokinsa sun fita, amma ya sa aikatau a jam'i, ya ba uwargida hujjar nahawu ta tambayi ko wane ne na ukun. A bakin teku da wasu sassan kudu musanna ya yi rauni, jam'i ya cinye shi, don haka a can sai dai a nemi wata shaidar.

Rezija, inda aka ƙure maleji

A arewa maso gabashin Italiya, a gindin dutsen Kanin, akwai wani kwari mai suna Rezija, mai mutum kusan 1,000. Duwatsu sun raba shi da Sulobeniya, mashigarsa kuma ta ɓangaren masu Furlanci take. A nan aka cika duk sharuɗɗan nan uku lokaci guda, sakamako kuma ya yi kyau. Mutum dubun nan suna da manyan nau'o'in magana huɗu, na Bila, na Njiva, na Osojane da na Solbica, ƙauyukan da ake zuwa da ƙafa daga wannan zuwa wancan. Sun adana wasu tsofaffin sigogin aikatau da sauran 'yan uwa suka yar tun da daɗewa. Suna kuma ƙirga da ashirin-ashirin, sittin a wurinsu ashirin sau uku ce.

Masanin harshe Jan Baudouin de Courtenay, Bafolande, ya je can a shekarun 1870, ya wallafa littafi a kan sautukansu a 1875. Tun daga nan masana ke zarya. Matsayarsu ita ce maganar Rezija karin Sulobeniyanci ce, daga rukunin Primorska. Da yawa daga mutanen kwarin sun ce harshe ne mai zaman kansa. Wasu ma sun ce asalinsu Rashawa ne, ga shi kuwa sunayen sun yi kama. A 1994 wani masani ɗan Holan, Han Steenwijk, ya tsara musu ƙa'idojin rubutu don a haɗu a kan abu ɗaya. Yau akwai hanyar rubuta maganar kwarin fiye da ɗaya, kowace da magoya bayanta.

Harshen da ba na uwar kowa ba

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: to yaya suke gudanar da ƙasa? Amsa ita ce sun ƙera harshe na 49.

Rubutun Sulobeniyanci mafi tsufa, wanda ake kira takardun Freising, an yi shi wajen shekara ta 1000, yana kuma ajiye a Munich ta Jamus. Littattafan farko da aka buga, Primož Trubar ne ya fitar da su a 1550, shi ma daga Jamus, inda ya yi gudun hijira saboda aƙidarsa ta Furotesta. Trubar ya san halin mutanensa, ya kuma faɗa a rubuce cewa kowane lardi da yadda yake magana. Sai ya ɗauki maganar Lubliyana ya gauraya da ta Dolenjska, inda aka haife shi, wanda hakan ya nuna adalci yana da iyaka. A yau hotonsa ne a kan kwabon yuro 1 na ƙasar. A 1584 Jurij Dalmatin ya fitar da fassarar Baibul gaba ɗaya, ya kuma liƙa jerin kalmomi a ƙarshe don mai karatu daga Koroška da sauran wurare ya gane abin da aka fassara masa.

Da aka shiga ƙarni na 19 sai rigima ta koma kan haruffa. A 1824 Peter Dajnko na Štajerska ya fito da abacadarsa. A 1825 Franc Metelko na Dolenjska ya fito da tasa, da haruffan da ya tsinto daga rubutun Sirilik. Kowanne ya auna haruffa da bakin garinsu. Aka yi ta musayar baƙaƙen maganganu a jarida, abin da tarihi ya adana da sunan yaƙin abacada. France Prešeren, mawaƙin da daga baya aka ɗauki baitinsa aka yi taken ƙasa, ya yi wa masu rigimar waƙar shaguɓe a kan yadda ake rubuta sunan fate. A 1833 hukuma ta haramta haruffan Metelko, na Dajnko ma ba su daɗe ba suka bi su. A shekarun 1840 aka raba gardama ta hanyar ɗaukar abacadar Ljudevit Gaj, mutumin Kuroshiya, wanda shi ma daga Cekawa ya kwaikwayo. Da ita ake rubutu har yau, haruffa 25, kuma babu ƙauyen da zai yi wa wani gori.

A shekarun 1850 aka ƙara wa daidaitaccen harshe wasu sigogi daga Štajerska da Koroška, don kowa ya ga ɗan abinsa a ciki. Abin da aka samu a ƙarshe harshe ne mai kyau, mai ƙamus da nahawu, wanda tun 2004 yake cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai, wanda kuma babu jaririn da ya taɓa jin sa a bayan uwarsa. Ɗan Prekmurje a makaranta yake koyonsa. Ɗan Lubliyana ma a makaranta yake koyonsa, inda ake mayar masa da wasulan da ya haɗiye a gida. Wannan shi ne sirrin zaman lafiyar ƙasar: an raba wahalar daidai wa daida.

Masu ƙirga

Arziki irin wannan yana bukatar ma'aji. Masanin harshe Fran Ramovš ya zana taswirar kare-karen a 1931, a 1934 kuma ya tsara babban kundin taswirori da zai nuna yadda ake faɗin kowane abu a kowane wuri. Ya shirya tambayoyi 870. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara bin ƙauyuka, galibi a kan ƙafar Tine Logar, wanda ya ba aikin rayuwarsa, ya kuma sabunta taswirar tare da Jakob Rigler a 1983. Wuraren da aka yi tambaya sun haura 400, har da na Italiya da Ostiriya da Hangari.

Wanda ake nema a irin wannan aiki dattijo ne ko dattijuwa, haifaffen ƙauyen, wanda bai yi yawon duniya ba, kuma haƙoransa suna nan. Sharaɗin ƙarshe shi ne mai wuyar cikawa, amma dole ne, don kada a rubuta giɓi a matsayin sabon karin harshe.

Ramovš ya rasu a 1952, Logar a 2002. Juzu'i na farko ya fito a 2011, shekara 77 bayan tsara aikin, daga cibiyar nazarin harshe da ke ɗauke da sunan Ramovš a Lubliyana. Ya ƙunshi sassan jiki da cututtuka da dangi. Na biyu ya biyo baya a 2016, a kan gidan gona. Sannu ba ta hana zuwa.

Halin da ake ciki

A yau in gidan talabijin ya yi hira da dattijo daga Rezija ko wani lungu na Prekmurje, yakan sa fassara a ƙasan allo, daga Sulobeniyanci zuwa Sulobeniyanci. Ba wanda ke jin an ci masa fuska. Maribor ta daɗe tana shirya gasar waƙoƙi da karin harshe. Vlado Kreslin yana da waƙoƙi da bakin Prekmurje, Iztok Mlakar yana yi da na yamma, kuma mutane na cika zaure su saurara, kowa ya yi dariya a daidai inda ya gane. Fim ɗin Petelinji zajtrk na 2007, wanda ya yi kasuwa sosai, da maganar arewa maso gabas aka yi shi.

An daɗe ana fargabar makaranta da talabijin da manyan tituna za su shafe kare-karen nan. Gaskiya ne maganar ƙauye tsantsa tana ja da baya, domin jikokin dattijan Logar a birni suke aiki. Sai dai abin da ya maye gurbinta ba harshen littafi ba ne. Kowane babban gari ya haifar da tasa maganar ta yau da kullum: ta Lubliyana daban, ta Maribor daban, ta Koper daban, ta Murska Sobota daban. Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Matasa kuma da wayar hannu ta zo sai suka fara rubuta saƙo yadda suke furtawa, abin da Dajnko da Metelko suka sha zagi a kansa.

Ga wanda ke da niyyar zuwa, shawara ita ce ya koyi daidaitaccen harshe. Zai sha fama da musanna da sauye-sauyen ƙarshen suna har kala shida, amma in ya jure zai iya magana tsaf, kamar mai karanta labaran dare. Duk inda ya shiga za a fahimce shi, a yaba masa, a kira maƙwabta su zo su ji. Matsala ɗaya ce, ita ce amsar da za a ba shi. In aka ga ya yi zuru, za a tausaya masa a juya zuwa Ingilishi, wanda yawancin matasan ƙasar suka iya. Sai dai ya kasa kunne da kyau, don shi ma Ingilishin, na Maribor da na Lubliyana ba iri ɗaya suke fitowa ba.